Motar Wardugu Ba Ta Durƙusawa

Duk wanda ya zauna a Musoro a shekarun da kwalta ta tsaya a Masakori ya san Wardugu Allaci, ko da fuska, ko da ƙarar motarsa. Ni na san shi tun kafin ya san sitiyari, domin a ajina ya zauna, kusa da taga. Bayan na yi ritaya kuma Allah ya haɗa mu maƙwabtaka, katanga ɗaya ce tsakanin gidana da nasu. Saboda haka abin da zan faɗa a kansa ba ji-ta-ji-ta ba ce. Rabi da idona na gani, sauran kuma da ƙuguna na ji.

Yaro ne mai ladabi da saurin fahimtar lissafi, amma akwai darasi ɗaya na nahawu da ya gagare shi, wato korewa da bakin mai magana. Idan na ce ya kore jimla a kan wani, nan take zai kawo: ba ya zuwa, ba ta ci, ba su sani ba. Da zarar na ce ya mai da ita kansa, wato ya furta "ba zan yi ba", sai ya sunkuyar da kai yana murza alli a hannu. Na ɗauka rauni ne na ƙuruciya wanda shekaru za su gyara. Shekaru suka zo, suka ba shi gemu da mata da 'ya'ya, suka bar masa raunin yadda yake.

Da kiwon raƙuman mahaifinsa ya fara, kamar kowa. Fari ya ci rabin garken, aka sayar da mafi yawan abin da ya rage. Ya koyi tuƙi, ya daɗe yana jan motocin mutane, daga bisani ya mallaki tasa, farar akori-kura mai ja da ƙafa huɗu, irin wadda ke shiga rairayi ta fita. Da ita yake zirga-zirga tsakanin Musoro da Njamena, wani lokaci har Salal da Faya. Yakan tafi da awaki da kanwa da dabino, ya dawo da sukari da shayi da shinkafa da siminti.

Mutanenmu a kan raƙumi suka koyi lodi, kuma har yau ba su yarda cewa mota wata halitta ce dabam ba. Raƙumi idan kaya ya yi masa yawa, kuka yake yi, ya ƙi tashi. Mota ba ta kuka, don haka aka yi mata nata ma'auni: sai bayanta ya sauka har ya kusa taɓa taya, sannan a ce ta durƙusa. Motar da ta durƙusa ta cika, babu mai ƙara ko ƙullin gishiri, kuma babu mai jin haushin direba. Wadda ba ta durƙusa ba kuwa da sauran wuri, ko da kaya ya kai tsayin ɗaki. Direban da ya hana ɗan'uwansa ɗora buhu alhali motarsa tana tsaye, za a daɗe ana maganarsa a wurin shan shayi, har a tuna masa ranar da ya je nema wa ɗansa aure. Na sha gaya musu cewa cika dabam, durƙusawa dabam, kalmomi biyu ne masu ma'ana biyu. Sukan saurare ni da girmamawa, su zuba mini shayi, su ci gaba da lodi.

Sauran direbobi sun gane rahamar da ke cikin wannan doka. Sukan bar mota yadda aka ƙera ta, ta durƙusa da wuri, ta ƙi a madadinsu, su kuwa su buɗe hannu su ce wa dangi: kun dai gani da idonku. Wardugu kaɗai ne bai gane ba. Ranar da motarsa ta durƙusa aka bar buhun wata goggonsa a ƙasa, bai iya cin abinci ba. Washegari na ci karo da shi a garejin Usta Annur, wani mutumin Abeshe mai kaifin harshe, inda na je a gyara mini keke.

Wardugu ya ce, "Usta, so nake ka ƙara mata falle biyu a sifirin baya."

Usta ya ce, "Me ya same ta?"

"Saurin durƙusawa take yi."

"To ai ladabi ne. Kai ma da ka koya da ka huta."

"Jiya buhun Goggo Ereta a tasha ya zauna."

"Goggon taka ita ta haifi motar?" Usta ya juyo wurina, ya kira ni yadda ake kiran malamin boko a garinmu. "Metir, ɗalibinka ne ko? Me ka koya masa?"

Na ce na koya masa abin da zan iya. Usta ya yi dariya, amma bai ƙi aikin ba, domin shi ma harshensa ne kawai ke ƙi, hannunsa bai taɓa ƙin guduma ba.

Sifirin baya na irin wannan mota fallayen ƙarfe ne dogaye masu lanƙwasa, an jera su bisa juna daga babba zuwa ƙarami, ƙusa ɗaya ta ratsa tsakiyarsu, an ɗaure su a kan aksul. Falle takwas ta zo da su a kowane gefe. Akwai wata matacciyar babbar mota a bayan garejin, wadda kaji suka mayar da ita gida. Daga jikinta Usta ya ciro fallaye masu kauri, ya yanke su daidai, ya ɗora a kan guntun ƙarfe yana dukansu har suka ɗauki lanƙwasar 'yan'uwansu. Ya sa ƙusa mai tsawo, ya shafa giris, ya naɗe su da robar tsohon tiyub don kada rairayi ya shiga tsakani. Da aka sauke jak, motar ta tsaya cak, bayanta a ɗage. Wardugu ya zagaya ta yana murmushi kamar an yi masa haihuwa.

Kafin mako ya zagayo labari ya kai har rijiyoyin da ke bayan Salal, cewa motar Wardugu ba ta durƙusawa. Dangin da ya sani suka zo da buhunansu. Dangin da bai sani ba suka zo da nasu, tare da bayanin yadda kakarsu da kakansa suka sha nono ɗaya. Aka yi ta ɗorawa har ta durƙusa, domin babu ƙarfen da ba shi da iyaka. Aka bar wani a ƙasa. Wardugu ya koma wurin Usta.

Haka aka yi ta yi. Daga takwas zuwa goma, daga goma zuwa sha biyu, har sai da ta kai falle goma sha huɗu a kowane gefe. Bayanta ya fi gabanta tsawo, ta zama kamar akuyar da ta sunkuya tana shan ruwa a gangare. Tsofaffin mata sai an kawo musu turmi su taka kafin su hau. Tun da sifirin ya daina gajiya, sai sauran gaɓoɓin motar suka karɓi gajiyar. Tayoyi suka riƙa fashewa, shokozoba ya mutu, ƙusoshin ƙafa suka riƙa tsinkewa, shasi ya tsage aka yi masa walda, ya sake tsagewa kusa da waldar.

Wata rana da la'asar na same shi kwance a ƙarƙashinta a ƙofar gida, na tsaya kusa da ƙafafunsa na yi masa magana a tsanake, yadda nakan yi a aji.

Na ce, "Wardugu, matsalar nan ba a sifiri take ba. A bakinka take. Kalma uku ce kawai: ba zan ɗauka ba."

Daga ƙarƙashin mota ya ce, "Metir, ai huɗu ce."

"To ka iya ƙirga su. Faɗe su."

"Ai ba ni ke ɗauka ba, Metir. Ita ke ɗauka. Miƙo mini sifanar can, don Allah."

Na miƙa masa sifana. Shekaru da yawa na yi ina haƙuri da yaran mutane, amma ban taɓa jin sha'awar buga wa wani ƙarfe a gwiwa ba sai ranar.

Akwai wani aibi kuma da ba kowa ya sani ba, domin ba kowa ya taɓa ganin motar babu kaya ba. Sifiri mai falle goma sha huɗu ba ya lanƙwasawa sai an danne shi da nauyi mai yawa. Idan babu nauyi, sanda ce kawai tsakanin mutum da ƙasa. Sau ɗaya na bi shi Masakori da motar wayam. Kowace tsakuwa da taya ya taka sai da na ji ta a ƙeyata. Tabarau ya bar fuskata, na ciji harshena, na dawo gida na kwanta matata tana gasa mini ƙugu tana tambayata wanda ya aike ni.

Mahaifiyarsa, Hajje Dahabaya, a daji ta yi rayuwarta tare da raƙuma, sai da yanar ido ta rufe mata gani aka dawo da ita gari. Tun kafin in koma unguwar ta daina gani. Gwanar saƙar tabarmar kaba ce a da, ga shi ta koma zama a bakin ɗaki hannuwa bisa gwiwa, tana gane mutane da murya. Da aka duba ta sai aka ce idon hagu ya riga ya mutu, amma na dama ana iya ceto shi, idan aka kai ta Njamena aka yi mata aiki. Wardugu ya roƙe ni in raka su don in yi tafinta, tun da likitocin Faransanci suke yi. Na amince. Da tafiya ba mu sha wuya sosai ba, domin dangi sun cika motar da kanwa da awaki, sifirin ya samu abin da zai danne shi.

Aka yi aikin lafiya. Likitar, wata mace 'yar kudu mai magana a hankali, ta kira mu ta yi bayani, ni kuwa na fassara kalma bayan kalma, ban rage ba, ban ƙara ba. Kada ta sunkuya, kada ta ɗaga abu mai nauyi, kuma sama da komai kada a jijjiga ta. Ta ce idan aka girgiza ta da ƙarfi, wurin da aka yanka yana iya buɗewa, kuma idan ya buɗe, ba ta da wani ido na uku da za a gwada. Ta ba da shawarar a bar ta a birni har wurin ya kama sosai.

Hajje ta yi 'yan kwanaki a gidan da muka sauka, sannan ta ce ya isa.

Ta ce, "Ba zan ƙara zama ba. Ruwansu ba ya kashe ƙishirwa, nononsu na gwangwani ne, kuma duk garin warin mai yake. Wardugu, ka mai da ni gida."

"Aya, likita ta ce..."

"Likita ta haife ka? Na ce ba zan zauna ba."

Na lura cewa uwar ta iya darasin nan sarai. Ban san ta inda ya zube ba kafin ya iso ga ɗan.

Wardugu ya fita tsakar gida ya tsaya yana kallon motarsa, ya daɗe. Ya san abin da na sani. Idan ya tafi da ita wayam, sifirin zai fasa idon kafin mu wuce Masakori. Idan ya cika ta yadda ya saba, taya zai fashe ko ta kafe a rairayi, a yi ta fizga. Hanya ɗaya ce ta rage, kuma sai da ya zagaya motar sau da yawa kafin ya yarda ya gan ta. Ya kira Usta Annur a waya, ya sa muryar a fili don hannuwansa su samu sarari.

Ya ce, "Usta, in mutum zai cire falle, ta ina zai fara?"

Usta ya ce, "Wa ke magana?"

"Ni ne, Wardugu."

"Ƙarya ne. Wardugun da na sani ƙari kawai ya sani. Ba Metir wayar in ji ko rana ce ta buge ka."

Wuni guda muka yi a kan aikin, shi a ƙasa, ni ina riƙe da sifana ina miƙa abin da aka ce in miƙa. Ya ɗaga motar, ya kwance ɗaurin aksul, ya sauke sifirin a kan tabarma, ya zare doguwar ƙusar. Duk fallen da ya cire sai ya share shi da tsumma, ya ajiye a hankali, fuskarsa kamar haƙoransa ake cirewa. Ya mai da ita falle takwas, yadda ta zo duniya. Na ba shi shawarar ya yanke doguwar ƙusar ya yi amfani da ita. Bai yanke ba. Ya je kasuwa ya sayo gajera, doguwar kuma ya naɗe ta a tsumma ya jefa aljihu. Fallayen ma ya ɗaure su a buhu ya sa a bayan mota, wai don su ɗan danne ta. Duk na gani.

Da sassafe muka shirya. Muka zaunar da Hajje a gaba, matashi a bayanta, matashi a kowane gefe, idon a rufe da marufi da baƙin tabarau. A baya babu komai sai jarkokin ruwa da buhun fallaye da 'yan kayanmu. Wardugu ya sa makulli ke nan, sai ga amalanke ya shigo lungun, mutum biyu suna turawa, an tara masa siminti da rodi da ƙofar ƙarfe. A bayansa kuwa Kawu Togoi ne, ƙanen Hajje uwa ɗaya uba ɗaya, yana tafe yana gyara rawani.

Ya ce, "Alhamdu lillahi, na same ku! Ɗan yayata, ashe da guduwa za ka yi ka bar ni?" Ya leƙa bayan motar, ya buga ta da tafin hannu. "Kai, wayam! Ku ɗora, ku ɗora."

Daga cikin mota Hajje ta ce, "Togoi ne? A ɗora masa mana. Ɗaki yake ginawa."

Aka ɗora buhu na farko, aka ɗora na biyu. Motar, wadda yanzu ba ta da taurin da, ta fara sauka. Wardugu ya san cewa idan ta durƙusa a kan falle takwas, duk ramin da muka faɗa jikinta zai doki aksul, dukan kuma ya tafi kai tsaye zuwa kujerar gaba. Na dube shi. Gumi ya jiƙa masa wuya. Masu amalanke suka ɗago buhu na uku, sai ya sa hannu ya tare shi.

Ya ce, "Kawu."

"Na'am?"

Na ga leɓunansa suna shirin kalmar farko, har na fara gode wa Allah da ya bar ni da rai na ga wannan rana.

Ya ce, "Kawu, Metir ya ce ba za a ɗauka ba."

Ban ce ba. Ko kusa ban ce ba. Ya ɗauki jimlar, ya cire kansa daga cikinta tsaf, ya dasa ni a gaba, sannan ya ɓoye mai aikin a bayan "a". Kawu Togoi ya juyo gaba ɗaya ya fuskance ni.

Ya ce, "Kai, Metir! Motarka ce?"

Na ce, "A'a."

"Yayarka ce a ciki?"

"A'a."

"To da wane baki? Dubi motar nan, ta durƙusa? Ku jama'a, ta durƙusa?"

Masu amalanke suka duba, suka shaida cewa ba ta durƙusa ba. Wardugu yana can yana nazarin tayan gaba kamar yau ya fara ganinsa. Gyara jimlar abu ne mai sauƙi a wurina, amma da na gyara ta, da simintin ya hau. Na dubi baƙin tabarau a bayan gilashi, na haɗiye abin da ke bakina.

Na ce, "Haka ne, ni na ce. A sauke biyun nan ma."

Abin da Kawu Togoi ya faɗa mini bayan wannan ba zan rubuta shi ba. Ya taɓa asalina, ya taɓa tsayina, ya taɓa makarantar boko da wanda ya kawo ta. Hajje ma ta sa baki daga cikin mota, ta ce ba ta taɓa jin inda baƙo ke raba mutum da ɗan'uwansa ba. Aka sauke buhunan. Muka bar shi tsaye a lungu yana nuna ni da sanda.

Tafiyar kuwa, dole in faɗi gaskiya, ban taɓa ganin tuƙi irin na ranar ba. Da kwalta ta ƙare ya tsaya ya rage iskar tayoyi. Ya bar hanyar da manyan motoci suka mayar gargada, ya bi gefe inda rairayi ke da laushi. Duk rami sai ya zagaye shi, wanda ba ya zagayuwa kuma ya shiga da ƙafa ɗaya-ɗaya. Motar tana lilo a hankali kamar raƙumar da ta ƙoshi. Ni ina baya a kan jarka, rana tana gasa ni, amma ko sau ɗaya tabarau bai motsa daga hancina ba. Hajje har barci ta yi. Muka shiga Musoro rana tana gab da faɗuwa.

Ba a yi mako ba na ji ƙarar guduma daga garejin Usta. Wardugu ya mayar da fallayensa duka, ya ƙara ɗaya don ban haƙuri, ya koma Njamena takanas ya ɗauko simintin kawunsa. Shi dai ya fita fes, kowa yana cewa yaron kirki ne, mugun maƙwabci ne Allah ya haɗa shi da shi. Ni kuwa dangin Kawu Togoi suka daina amsa gaisuwata. A wurin suna sai a ba ni shayi na ƙarshe, wanda ruwa ya riga ya cinye.

Bayan wasu makonni, wata safiya zan wuce ƙofar gidansu, sai na ga Hajje zaune a inuwar katanga, babu tabarau, ga damin kaba a gefenta, yatsunta suna ta aiki. Na yi sallama. Ta ɗago kai.

Ta ce, "Wannan muryar Metir ce. Matso in gan ka."

Na matsa. Ta rufe mataccen idon, ta auna ni da mai ran tun daga hula har takalmi, ba ta yi sauri ba.

Ta ce, "Kai ne ka bar simintin ƙanena a Njamena? Yadda kake magana na ɗauka wani ƙato ne. Ashe ɗan tsurut ne." Ta koma kan saƙarta, sannan ta ƙara da cewa, "Kuma maɓallin rigarka ya tsallake rami. Na uku daga sama."

Na duba. Ya tsallake.